Amsoshin Tambayoyinku: Me Ke Kashe Kwamfuresar Motata Mai Tashi da Iska?

Tambayar wannan makon ta fito daga birnin Tahoua, daga wani mai karatunmu da fataucin dabbobi ke kai shi kasuwannin Abalak da Cintabaraden. Yana da Land Rover Discovery 3, irin motar nan da ke tashi sama ta sauka ƙasa da iska, wadda ya saya ta hannu. Ya ce abin ya fara ne da karkata: in ya fito da safe sai ya tarar ta kwanta gefe ɗaya, da ya tayar da inji kuma sai ta miƙe. Daga baya gurnanin da yake ji a ƙarƙashinta ya riƙa daɗewa bai tsaya ba, har ran da ta durƙusa gaba ɗaya ta ƙi tashi. Bakanike ya ce kwamfuresa ce ta mutu. Aka nemo wata ta gwanjo aka ɗaura, mota ta tashi, ba a jima ba ita ma ta bi 'yar'uwarta. Yanzu yana so ya sani: me ke kashe kwamfuresar nan, yaya ake canza ta yadda za ta zauna, kuma shin ya bi shawarar abokansa da ke cewa ya cire kayan iskar baki ɗaya ya sa sifirin na ƙarfe ya huta?

Alhaji, sannu da ɗawainiya, Allah ya mayar da abin da aka kashe. Na ji daɗin yadda ka jero alamomin bi da bi, domin amsar tana cikin bayaninka. Bakanikenka ya faɗi gaskiya, kwamfuresar ta mutu. Sai dai da wuya ƙwarai kwamfuresa ta mutu haka kawai. Kusan kullum akwai abin da ya gajiyar da ita, kuma karkatar nan da ka fara gani da safe ita ce shaidar cewa iska na zurarewa ta wani wuri tun kafin ta farkon ta lalace. Ba a toshe wurin ba aka ɗaura ta biyu, ita ma ta tarar da aikin da ya kashe ta farko yana jiranta. In aka sa ta uku a haka, ko da sabuwa ce fil daga kwali, ba za ta yi nisa ba. Bari mu bi abin a hankali.

Motocin da muka saba da su, irin su Hilux da Land Cruiser ta daji, a kan ƙarfe suke zaune, ko sifirin mai murɗe ko jerin fallayen ƙarfe. Taka kuwa a kan iska take zaune. A kowace ƙafa akwai jakar roba mai kauri da zare a cikin jikinta, cike da matsattsiyar iska, ita ke ɗauke da nauyin motar. Kwamfuresa, wato ɗan injin lantarki da ke zuƙo iskar waje ya matsa ta, ita ke cika wani tankin ƙarfe da ke ƙarƙashin motar. Daga nan siraran tiyo masu tauri suke kai iska ga jakunkunan, suna ratsa bawul, wato ƙofofin da lantarki ke buɗewa ya rufe. A Discovery 3 rukunin bawul uku ne: na gaba, na baya, da na tsakiya mai kula da tanki. Kusa da kowace taya kuma akwai ɗan ma'auni mai hannu da ke gaya wa kwamfutar motar tsayin wannan kusurwa. In ka loda buhuna bayan motar ya yi ƙasa, ma'aunin zai faɗa, kwamfuta ta buɗe bawul ta ƙara iska har motar ta daidaita. Da wannan tsari ne take tashi milimita 55 bisa tsayinta na kullum in za ka shiga wuri mai duwatsu, ta kuma sauka milimita 50 domin dattijo ya hau cikin sauƙi.

Ƙarfin iskar ba na wasa ba ne. Tayar motarka tana ɗaukar abin da bai fi bar 2 da rabi zuwa 3 ba, bar kuwa shi ne ma'aunin matsin iska da kake gani a agogon mai faci. Tankin Discovery 3 yana kaiwa kusan bar 17. Ka riƙe wannan a ranka, za mu dawo kansa in mun zo maganar shiga ƙarƙashin mota.

Fasahar ba sabuwa ba ce. Range Rover ta farko ta fito a 1970 da sifirin na ƙarfe, sai a 1992 kamfanin ya fara sa mata jakunkunan iska da kwamfuta ke sarrafawa. Discovery 3 an ƙera ta daga 2004 zuwa 2009, kuma ita da Range Rover Sport ta 2005 kayan ƙasansu kusan ɗaya ne. Mercedes na da nasa tsarin mai suna Airmatic tun 1998, akwai shi a wasu ML da GL, wasu Touareg da Cayenne ma suna da nasu tsarin na iska. Prado ƙirar 120 mai tsada da Lexus GX 470 suna da jakar iska a baya kaɗai. A nan zan ɗan gyara wata fahimta da na sha ji a wurin masu V8. Land Cruiser 100 da 200 masu tashi da sauka, da Lexus LX 470 da LX 570, da mai suke tashi, wani famfo ke tura shi, ba su da kwamfuresar iska irin wannan. Wanda ke da su kada ya bari a sayar masa da ita, matsalarsa daban ce kuma gyaranta daban.

Yanzu mu leƙa cikin kwamfuresar. Girmanta bai wuce a ɗauka da hannu biyu ba. Akwai ɗan moto na lantarki, da fistin guda mai kai da kawowa a cikin silinda. Babu man inji a ciki ko ɗigo. Abin da ke hana iska kuɓucewa ta gefen fistin wani zobe ne na roba mai santsi da ake kira Teflon, kuma duk minti ɗaya da ta yi tana aiki, zoben nan yana ɗan cinyewa. An ƙera ta ne ta yi aiki na ɗan lokaci, ta cika tanki, ta huta ta huce. Ka ɗauki misalin jakin da ke jan guga a rijiya mai zurfi yana cika komin shayar da dabbobi. In komin lafiyayye ne, ya ja kaɗan ya huta. In kuwa komin ya tsage a gindi, ruwa na zurarewa, zai wuni yana ja komi bai cika ba har ya faɗi. Wanda ya sayo wani jakin bai gyara komin ba, ka san abin da zai same shi. Gurnanin nan da ka ce ya riƙa daɗewa, kwamfuresar ce ke bin iskar da ke gudu. Zoben ya cinye, moto ya yi zafi, ƙarfinta ya ragu, sai ta ƙara daɗewa kafin ta cika tanki, daɗewar kuma ta ƙara cinye ta.

Akwai wani ɓangare da mutane da yawa ba su san da shi ba, kuma ina so ka fahimce shi sosai. A jikin kwamfuresar akwai wani gwangwani cike da 'yan ƙwayoyi irin waɗanda kake gani a ƙaramar takarda cikin kwalin sabon takalmi ko na magani, aikinsu shan danshi. Duk iskar da aka matsa tana fitar da ruwa, ƙwayoyin nan ke tsotse shi kada ya shiga bawul. To yaya suke bushewa? Duk lokacin da motar ta sauka, busasshiyar iskar da ke cikin jakunkuna tana komowa ta ratsa gwangwanin kafin ta fita waje, ta tafi da danshin. In akwai yoyo kuwa, iska na shiga ta gwangwanin amma ta fita ta wurin hujin, ƙwayoyin suna ta sha ba sa bushewa. Daga ƙarshe su jiƙe, su farfashe su zama gari, garin ya toshe matatar da ke cikin gwangwanin, wani lokaci ya bi tiyo ya maƙale a bakin bawul ya hana shi rufewa ruf. Ka ga huji ɗaya a jaka ɗaya ya haifi yoyo na biyu a wani wuri daban.

Wani zai ce ai Adar, wato yankin Tahoua, ƙasa ce busasshiya, ina danshi? Akwai shi daga Yuli zuwa Satumba, kuma ya isa. Amma gaskiya manyan abokan gaban kwamfuresa a ƙasarku zafi ne da ƙura. A Afrilu da Mayu zafin Tahoua na haura digiri 40 a inuwa, balle ƙarƙashin motar da ke tafe kan kwalta da tsakar rana. Kwamfuresar tana da ma'aunin zafi, in ta ɗau zafi da yawa kwamfuta na kashe ta har ta huce, shi ya sa wani lokaci za ka ga motar ta ƙi tashi da azahar amma ta tashi da asuba. A Discovery 3 kuma mazauninta yana jikin shasi ta hagu, gaban tayar baya, cikin wani murfin roba mai rage ƙara. Wurin nan duk ƙurar hunturu da jar ƙasar hanya nan suke taruwa, su cika murfin su lulluɓe ta, zafi ya rasa mafita. Tana shaƙar iska ta wani tiyo mai matata. In tiyon ya tsage ko ya zare, ƙurar ƙarƙashin mota za ta riƙa sha kai tsaye, ƙura kuwa tana goge zoben fistin cikin ɗan lokaci.

Sai hanya. Titin Tahoua zuwa Arlit, wanda aka gina a ƙarshen shekarun 1970 domin jigilar yuraniyom, shi kake bi ta Tabalak zuwa Abalak, tafiyar kusan kilomita 135, kuma kowa ya san yadda manyan motoci suka gajiyar da shi tsawon shekaru. Ga duwatsun ƙasar Keita da Bouza, ga gargada da rairayi in ka nufi Tasara ko Tiliya. Jakar iska tana naɗewa ta warware a duk girgizar da motar ta yi, kuma a daidai wurin naɗin ne robar ke fara tsattsagewa, tsakuwa da yashi suna shiga suna gogarta. Discovery 3 mafi ƙuruciya a yau ta haura shekara 15. In jakunkunan da ta zo da su daga kamfani ne har yanzu a jikinta, sun yi abin da za su iya. Irin wannan tsagar tana da wayo, takan buɗe a wani tsayi ta rufe a wani, shi ya sa wata rana motar ta kwana a miƙe, wata rana ta karkata.

Saboda haka kafin ka fitar da ko dala a kan sabuwar kwamfuresa, ga abin da nake so a yi, kuma yawancinsa ba ya cin kuɗi. A fara da batir, domin motocin nan ba sa jure raunin wuta. Batir mai rauni kaɗai yakan sa fitilar gargaɗi ta kama motar ta ƙi tashi. A duba babban fiyus na kwamfuresa da rile, wato ɗan makunnin da kwamfuta ke amfani da shi ta ba kwamfuresa wuta, dukansu suna akwatin fiyus da ke wajen inji. A Discovery 3 har makunnin fitilar birki ko ƙwan fitilar birki mara kyau yakan rikita kwamfuta ta saukar da motar, abin da gyaransa bai taka kara ya karya ba. Sannan a jona na'urar da ke karanta kwamfutar mota, amma wadda ta san Land Rover, domin ƙananan da ke karanta inji kaɗai ba sa ganin wannan sashe. Lambar C1A20 na nufin tanki na jinkirin cika, wato kwamfuresa ta gaji ko akwai yoyo. C1A13 na nufin iska ba ta fita yadda ya kamata in an sake ta, galibi gwangwanin nan ne ya toshe ko bawul ɗin fitar da iska. Lambar tana nuna inda za a duba ne kawai, ba ta ce a sayi kaza ba.

Gwajin da ya fi kowanne amfani a gidanka za a yi shi. Tunda kwamfuresarka ta mutu, sai an ari lafiyayya an ɗaura na ɗan lokaci domin a tayar da motar. A ajiye ta a wuri mai daidai da yamma, a auna daga tsakiyar kowace taya zuwa bakin ƙarfen da ke samanta, a rubuta. Sai a zare fiyus ɗin kwamfutar tsarin iskar, littafin motar ya nuna wanne ne. Dalilin zare shi kuwa, ko a kashe take motar nan tana farkawa lokaci-lokaci ta daidaita kanta, in kusurwa ɗaya ta sauka sai ta saukar da sauran su tarar da ita, ka wayi gari ka kasa gane mai laifin. Da safe a sake aunawa. In kusurwa ɗaya ce ta sauka, jakarta ce ko tiyonta ko bawul ɗinta. In gaba duka ko baya duka ya sauka daidai wa daida, a fi zargin rukunin bawul na wannan ɓangare. Daga nan a kaɗa omo da ruwa a fesa a jikin jaka, da kanta na sama, da duk mahaɗar tiyo, da tanki. Inda kumfa ta riƙa tasowa, nan ne. In ɗaya daga jakunkunan gaba ta tsage, a canza biyun tare, domin shekarunsu ɗaya kuma hanya ɗaya suka bi.

To, a gyara kwamfuresar ko a canza? In moto yana juyawa da ƙarfi, iskar ce kawai ba ta cika, ana sayar da kayan gyara: sabon zoben fistin, sababbin ƙwayoyin shan danshi, matatu, da murfin gwangwanin, wanda a ƙirar Hitachi an san shi da tsagewa. Bakanike mai haƙuri da tsabta zai iya farfaɗo da ita da su. In kuwa moto ya ƙone, yana warin ƙuna, ko yana fasa fiyus da zarar an ba shi wuta, ko cikin silinda ya kakkarce, sai canji.

A wajen saye ne nake so ka yi taka-tsantsan. Discovery 3 ta fito da kwamfuresar Hitachi, daga baya kamfanin ya koma ta AMK. Siffarsu daban, mazauninsu da wasu tiyo daban, kuma in za a sa AMK a motar da ta zo da Hitachi sai an sabunta manhajar kwamfutar, domin yadda take lissafin zafi da tsawon aikin kowace daban ne. In babu mai na'urar yin haka kusa da kai, mafi sauƙi ka nemi irin wadda ke jikin motar. A ɗauki hoton lambar da ke jikinta da lambar shasi a tura wa mai kawo kayan, ko daga Yamai ne, ko ta Ƙonni daga Sakkwato da kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, ko daga Dubai. Ta gwanjo kuwa, ka riga ka gani da idonka. An ciro ta ne daga motar da shekarunta suka kai na taka, ba wanda ya san yawan aikin da ta yi, kuma jin ta yi gurnani an jona ta da batir a shago bai nuna za ta iya kai bar 17 ba. Akwai kuma sababbi marasa suna masu arha ƙwarai, wasu kan yi aiki wasu ba sa jimawa. Mutumin da ke shiga daji inda babu gareji, ni dai ba zan ba shi shawarar ya jingina da su ba. In aljihu bai kai ga ta asali ba, na fi yarda da tsohuwa ta asali da aka sabunta mata zobe da ƙwayoyi a gaban idonka.

Ranar aikin kuwa, abu na farko rai ne. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar nan tana tsaye a kan iskarta, kuma jak kaɗai bai isa ba. Nauyinta ya haura tan 2 da rabi, tiyo ɗaya ya zare za ta sauko cikin ƙiftawar ido. A tokare shasi da ƙarafan tokara masu ƙarfi a kan daɓe mai tauri, ko a yi aikin a kan rami. Ka tsaya kai da kanka ka ga an yi haka, musamman in yaron gareji za a tura ciki, domin yaro ba zai yi wa maigidansa musu ba. Sannan a saki iskar da na'ura kafin a taɓa tiyo. In babu na'ura, a sassauta mahaɗa kaɗan-kaɗan a bar iskar ta fita da kanta, fuska a gefe. A cire kan batir.

Sauran aikin ba shi da wuya ga wanda ya nutsu. A cire murfin roba, a kakkaɓe ƙasar da ta taru, a wanke wajen mahaɗan tun kafin a buɗe su domin kada ƙwayar yashi ko ɗaya ta shiga tiyo. A ɗauki hoto da waya, a sa wa kowane tiyo alama. A zare filogin wuta, a kwance notukan mazauninta, na saman shi ke ba da wahala don wurin a matse yake. Bakin tiyon da aka buɗe a rufe shi da leda mai tsabta. In bakinsa ya kakkarce a yanke shi da reza a miƙe, kada a datse da filaya ta matse shi, a kuma sa sababbin mahaɗan da suka zo da kwamfuresar. Robobin da take zaune a kansu su zauna daidai, in ba haka ba girgizarta za ta riƙa shigowa cikin mota kuma ta karya tiyo. A duba tiyon shaƙar iska daga farko har ƙarshe, a canza matatarsa. Sai rile. Wannan ɗan abu mai arha shi aka fi mantawa da shi. Kwamfuresar da ta gaji tana jan wuta fiye da ƙima, ta ƙona bakin rile, wani lokaci ya manne ya ƙi saki, sabuwar ta yi ta aiki ko an zare makulli har ta ƙone. Duk kwamfuresar da aka canza, a canza rile tare da ita.

In an gama a mayar da batir, a goge tsofaffin lambobin kuskure, a sauke gilashi, a rufe ƙofofi duka, domin motar ba ta canza tsayi in ƙofa na buɗe. A tayar da inji a saurara. Cikawar farko takan ɗauki 'yan mintoci, amma dole ta kai inda za ta yi shiru da kanta. A tashe ta sama a sauke ta sau ɗaya ko biyu, ba fiye ba, kada a gasa ta tun ranar farko. A sake fesa ruwan omo a sababbin mahaɗai, a kuma maimaita gwajin kwana da fiyus a zare. Canjin kwamfuresa kaɗai ba ya buƙatar a sake saita tsayin motar a kwamfuta, sai in an taɓa ma'aunan tsayi. Daga nan kunnenka ne zai tsare maka ita: ka san tsawon gurnaninta da safe tana lafiya, ran da ka ji ya fara ƙaruwa ko yana yawan dawowa a kan hanya, a nemi yoyo a makon nan. Bayan kowane hunturu a buɗe murfin a fitar da ƙura. Da damina in ka ratsa ƙorama ko taɓo, a wanke jikin jakunkunan motar na tashe. Kada kuma ka riƙa ajiye ta a tsayin daji kana gudu; ita da kanta za ta yi maka gargaɗi a wajen kilomita 40 a awa ta sauko in ka kai 50, kowane sauka da tashi kuwa aiki ne a kan kwamfuresa.

In ta durƙushe maka a daji fa? Za ta iya tafiya a kan robobin tokaren da ke ƙafafunta, amma a hankali ƙwarai, a rage kaya, a kauce wa dutse, domin cikinta ya kusa ƙasa kuma jakunkunan na iya cizgewa. Ka riƙa tafiya da rile da fiyus na ajiya. Akwai kuma wasu 'yan bawul irin na taya da ake iya haɗawa da tiyon kowace jaka tun a gida, ta yadda in kwamfuresa ta mutu sai a zare fiyus a hura kowace kusurwa da injin mai faci, a lallaɓa a iso gari.

Saura tambayarka ta ƙarshe, shawarar abokanka. Ba shawarar banza ba ce, kamfanin da kansa ya sayar da wasu ƙananan ƙirar Discovery 3 a kan sifirin na ƙarfe, kuma ana sayar da cikakken saitin canji tare da wata 'yar na'ura da ke hana kwamfuta yin ƙorafi. In ka yi haka ka rabu da kwamfuresa da yoyo har abada. Abin da za ka rasa shi ne ɗagawar nan da ke fitar da kai daga kwazazzabo, da daidaita kai in ka yi lodi, da wani ɓangare na laushin da ya sa ka so motar. Abin da ban yarda da shi ba ko kaɗan shi ne a ɗauko sifirin na wata mota a yanka a yi walda a cusa. Motar mai nauyi ce kuma doguwa, in tsayinta da taurin ƙafafunta suka saɓa, a kwana ko wajen taka birki da gaggawa abin zai bayyana.

Ni a ganina sai ka duba inda motar ke kwana da inda take wuni. In yawancin tafiyarka tsakanin Tahoua, Ƙonni da Yamai ne, kuma gwajin ya nuna jaka ɗaya ko biyu ne ke yoyo, ka gyara iskar yadda muka faɗa, za ka more ta. In kuwa jakunkunan huɗu duk sun tsufa, bawul sun sha gari, kuma kowane mako kana arewacin Abalak inda mai na'urar karanta kwamfuta ya yi maka nisan wuni guda, to saitin sifirin da aka ƙera musamman domin wannan mota ya fi dacewa da sana'arka. Ka fara da gwajin kwanan nan da ruwan omo, ka rubuta ma'aunin kusurwa huɗun na yamma da na safe, ka aiko mana da su tare da lambar da ke jikin kwamfuresar, mu duba tare kafin ka tura kuɗi Kano ko Dubai.